Shin Walt Disney ne ya fara katun, ko akwai waɗanda suka riga shi?

MalamSagir_Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare, kuma a makon jiya wata ɗaliba ta tambaye ni wanda ya fara yin katun a duniya. Ban tsaya dogon tunani ba na ce mata Walt Disney ne, da ɓeran nan nasa Mickey Mouse, a shekarar 1928, domin abin da na tashi ina ji ke nan. Da na koma gida sai hankalina ya ƙi kwanciya da wannan amsa, saboda na san an fara nuna fim ga jama'a tun 1895, kuma da wuya a ce an shafe fiye da shekara 30 ana sinima ba tare da wani ya gwada motsa zane ba. Ina roƙon masu sani su warware mini: shin Disney ne na farko? In kuwa ba shi ba ne, sunan wa zan kai wa ɗalibaina ranar Litinin?

Injiniya_Bashir:
Wa alaikumus salam, Malam Sagir. Hankalinka ya yi daidai da ya ƙi kwanciya. An haifi Disney a watan Disamba na 1901, kuma fim ɗin da ka ambaci shekararsa, wato Steamboat Willie, an fara nuna shi a birnin New York ranar 18 ga Nuwamba 1928. Abin da ya fito da shi shi ne yadda motsin zanen da sautin suke tafiya tare ba saɓani. Kafin wannan rana an yi shekara 20 cur ana yin katun marasa sauti. In suna ɗaya kake so, ni zan ba ka Émile Cohl, Bafaranshe, wanda ya fitar da Fantasmagorie a 1908, lokacin Disney yana yaro ɗan shekara 6.

Zainabu_MaiZane:
Na goyi bayan Injiniya, kuma ina so in ƙara bayani a kan Cohl saboda ɗalibai za su fi riƙe labarin idan suka ji yadda aka yi aikin. Mutumin ya haura shekara 50 kafin ya shiga harkar fim, domin da can zanen barkwanci yake yi wa jaridun Paris. Ya zauna ya zana hotuna kusan 700 da baƙar tawada a kan farar takarda, aka ɗauki kowane zane sau biyu da kyamara, sannan aka juya launin wajen wanke fim ɗin, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, sai abin ya fito kamar zanen alli a kan allo. Duka-duka fim ɗin bai cika minti 2 ba, kuma kamfanin Gaumont ne ya nuna shi a Paris ranar 17 ga Agusta 1908.

Babu wani labari mai kai da ƙafa a cikinsa. Wani ɗan mutum ne da aka zana da 'yan layuka, yana ta shiga abubuwa masu rikiɗa: kwalba ta zama fure, giwa ta zama gida. A ganina nan ne darajarsa take, domin Cohl ya gane tun daga farko cewa zane yana iya yin abin da ɗan wasa mai jini a jika ba zai taɓa iyawa ba.

Dan_Maradi:
Ku yi mini haƙuri, amma kun tsallake wani Émile ɗin da ya riga Cohl da shekara 16. Ranar 28 ga Oktoba 1892, shekara uku kafin 'yan'uwan Lumière su nuna fim ɗinsu na farko ga masu biyan kuɗi, Émile Reynaud ya fara nuna zanensa mai motsi a gidan Musée Grévin da ke Paris. Ya zana hotunan da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, da launi, a kan wani dogon zare mai huji-huji, yana juya shi da hannu, madubai da fitila suna jefa hoton a kan farin ƙyalle. Ɗaya daga cikin labaransa, Pauvre Pierrot, yana da hotuna 500. Ya ci gaba da wannan wasa har zuwa 1900, kuma mutum kusan 500,000 ne suka kalla. Saboda wannan rana ce ake bikin ranar katun ta duniya kowace 28 ga Oktoba. To, in wannan ba farko ba ne, mene ne farko?

Injiniya_Bashir:
Ɗan Maraɗi, ban manta da Reynaud ba, da gangan na ajiye shi. Malam Sagir yana magana ne a kan fim, shi kuwa Reynaud bai yi amfani da kyamara wajen waɗannan labarai ba. Zanen nasa ne kai tsaye ake haskawa, babu kwafi na biyu da za a aika wani gari, kuma in ba ya wurin yana juya na'urar, babu wasa. In ma za a bi tsarin kyamara, akwai J. Stuart Blackton a Amurka, wanda a 1906 ya fitar da Humorous Phases of Funny Faces, inda fuskokin da aka zana da alli suke murmushi suna juya ido. Na fifita Cohl a kansa ne kawai saboda Blackton ya gauraya alli da yankakkun takardu, shi kuma Cohl sabon zane yake yi a sabuwar takarda ga kowane motsi, wanda shi ne tsarin da sana'ar ta bi daga baya.

Hajiya_Rakiya:
Ni dai ina biye da ku, amma akwai abin da ban fahimta ba. Ta yaya zanen da yake tsaye a takarda zai motsa, alhali a lokacin babu kwamfuta?

Zainabu_MaiZane:
Hajiya, zanen ba ya motsi ko kaɗan, ido ne da ƙwaƙwalwa suke haɗa shi. Idan aka nuna wa mutum hotuna masu ɗan bambanci kaɗan a jere cikin sauri, sai ya ga kamar abu ɗaya ne yake motsi. Wataƙila kin taɓa ganin yara suna zana ɗan mutum a ƙuryar kowane shafi na littafin rubutu, sannan su saki shafukan da babban yatsa, sai a ga ɗan mutumin yana tafiya. Asirin ke nan gaba ɗaya. An san shi tun kafin sinima, domin Joseph Plateau na ƙasar Beljiyam ya ƙera faifai mai juyawa da ke yin wannan aiki a farkon shekarun 1830.

Wahalar tana cikin lissafi. A zamanin fim marar sauti akan haska hotuna kamar 16 a kowace daƙiƙa, wato 960 a minti ɗaya. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu kamar yadda Cohl ya yi, ana buƙatar zane 480 kafin a samu minti ɗaya tak. Da sauti ya zo sai aka tsayar da adadin a kan 24.

Alhaji_Mudi_Fagge:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki a kan wannan kalma ta "marar sauti" da kuke ta maimaitawa. Muna yara a farkon shekarun 1960, motar majigi takan zo unguwa bayan sallar isha'i, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna mana fim ɗin tsabta ko na noman gyaɗa, wani lokaci a haɗa da ɗan gajeren wasan dariya. Akwai mai sharhi da yake riƙe da lasifika yana bayyana mana abin da ke faruwa da Hausa, kuma sau da yawa daɗin kallon daga bakinsa yake fitowa. Ita kanta kalmar majigi daga sunan Turancin wata tsohuwar fitilar haska hotuna aka aro ta, irin wadda Reynaud ya haɗa da na'urarsa. Abin da nake nufi shi ne, rashin sauti a jikin fim bai sa an kalle shi shiru ba. A Turai da Amurka akwai mai kaɗa fiyano a gaban allo, manyan gidaje ma har da rukunin makaɗa, a Japan kuma akwai masu sharhi da ake kira benshi, waɗanda wasunsu sun fi 'yan wasan suna.

Dan_Maradi:
Allah Ya ƙara girma, Baba Alhaji. Wannan ma ya ƙarfafa maganata, domin wasan Reynaud yana da kiɗansa na musamman da Gaston Paulin ya tsara masa.

Zainabu_MaiZane:
Maganar Baba ta tuna mini da mutumin da ni a wurina ya fi kowa cancantar ɗalibai su san sunansa, ko da ba shi ne na farko ba, wato Winsor McCay. Shahararren mai zanen jarida ne a New York, kuma yakan hau dandamali yana zane a gaban jama'a. A 1911 ya motsa taurarin zanensa na Little Nemo da hotuna kusan 4,000, a 1912 ya yi fim a kan wani sauro da ya sha jini har ya fashe, sannan a watan Fabrairu na 1914 ya fito da Gertie, wata ƙatuwar dabba mai dogon wuya daga cikin dabbobin da suka ƙare tun zamanin da.

Zane kusan 10,000 aka yi wa Gertie a kan takarda marar kauri, kuma da yake ba a fara amfani da dabarar raba hoto gida biyu ba, wato a zana tauraro daban, hoton baya daban, dole ne a sake zana duwatsu da itace da ruwan da ke bayanta a kowace takarda. Wani matashi maƙwabcinsa, John Fitzsimmons, shi ya ɗauki wannan nauyi. McCay yakan tsaya a gefen allo da bulala a hannu yana ba ta umarni da bakinsa, ta ɗaga ƙafa, ta rusuna, ta yi gardama, ya tsawata mata ta fashe da kuka, ta shanye tafki guda. Daga ƙarshe sai ya zaga bayan allo, a ga hotonsa ya bayyana a cikin fim ɗin, ta ɗauke shi su tafi. Duk wanda ya kalli yadda take jan numfashi da yadda nauyinta yake komawa daga ƙafa zuwa ƙafa zai ga dabba mai hali nata na kanta. Kafin ita zane motsi kawai yake yi, da ita ya fara jin haushi da kunya.

Bai tsaya a wasa ba. A 1918 ya fitar da fim na minti 12 a kan nutsewar jirgin ruwan Lusitania, wanda Jamusawa suka harba ranar 7 ga Mayu 1915, mutum kusan 1,200 suka halaka. Babu kyamarar da ta ɗauki abin da ya faru, sai ya zana shi da hotuna kusan 25,000 cikin wata 22. Farfagandar yaƙi ce ƙarara, amma ta nuna cewa zane yana iya ɗaukar labarin mutuwa kamar yadda yake ɗaukar na dariya.

Injiniya_Bashir:
Malama Zainabu, ba na musun gwanintar McCay, sai dai mutumin da yake shafe wata 22 a kan fim ɗaya ba zai iya ciyar da gidajen sinima masu neman sabon katun kowane mako ba. Waɗanda suka mayar da abin sana'a su ne Raoul Barré, John Randolph Bray da Earl Hurd. Barré, mutumin Kanada da ya buɗe sutudiyo a New York, shi ya kawo huda takardu a wuri ɗaya a zura su a kan turaku, domin kada hoto ya riƙa rawa. Hurd kuma a 1914 ya nemi takardar mallakar dabarar zana tauraro a kan leda mai garai-garai, a ɗora ta a kan hoton baya da aka zana sau ɗaya kawai. Da wannan aka huta da wahalar da Fitzsimmons ya sha. Bray ya haɗa nasa haƙƙin mallakar da na Hurd suka riƙa karɓar kuɗi daga sauran kamfanoni har zuwa farkon shekarun 1930, kuma shi ya rarraba aikin, wani ya zana, wani ya bi da tawada, wani ya ɗauki hoto. Max Fleischer ma a wurin Bray ya yi aiki, shi da ya ƙirƙiro na'urar da ake haska hoton mutum na gaske a bi shi da fensir. Ƙanensa Dave ne ya sa kayan wawan wasa aka ɗauke shi, daga nan aka samu tauraron katun mai suna Koko.

Zainabu_MaiZane:
Haka ne, amma akwai abin da aka rasa. Ka kwatanta Gertie da yawancin katun ɗin da aka riƙa fitarwa mako-mako a waɗannan shekaru, za ka ga motsi ya ragu, ana ta maimaita zane ɗaya domin a cika lokaci. An ruwaito cewa shi kansa McCay ya faɗa wa 'yan sana'ar a wata liyafa da suka shirya masa a 1927 cewa sun mayar da fasaha kasuwanci.

Malama_Hadiza_BUK:
Na lura tun ɗazu sunayen maza kawai ake jerawa. Katun mai tsawo mafi daɗewa da ya rage a duniya a yau aikin mace ne, Lotte Reiniger, Bajamushiya haifaffiyar Berlin a 1899. Ta fara shi a 1923 tana 'yar shekara 24, ta gama a 1926, kuma ya wuce awa ɗaya. Ba da fensir ta yi shi ba. Da almakashi ta riƙa yanka baƙin kwali da siririyar darma tana fitar da mutane da dawaki da aljanu, ta haɗa gaɓoɓinsu da waya, ta kwantar da su a kan gilashin da aka haska daga ƙasa, ana gusar da su kaɗan-kaɗan, mijinta Carl Koch yana ɗaukar hoto. Labarin kuwa namu ne da muka sani, domin daga Dare Dubu da Ɗaya ta ɗebo shi, da Yarima Ahmad da dokin nan mai tashi sama da Aladdin da fitilarsa. Fim ɗin ya riga Snow White, dogon katun na Disney, da shekara 11.

Sannan akwai Margaret Winkler, wadda take rarraba katun ga gidajen sinima a Amurka. Ita ce ta ba Disney kwangila a watan Oktoba na 1923, bayan kamfaninsa na farko a Kansas City ya karye. Ba domin ita ba, da wataƙila Malam Sagir bai taɓa jin sunan Disney ba balle ya ba da shi amsa.

Abba_Tarihi:
Malama Hadiza ta yi taka-tsantsan da ta ce "da ya rage", kuma ina so a lura da wannan. Dogon katun da ya riga na Reiniger an yi shi ne a ƙasar Ajantina. Quirino Cristiani, haifaffen Italiya da ya tashi a Buenos Aires, ya fitar da El Apóstol ranar 9 ga Nuwamba 1917, mai tsawon kusan minti 70, shi ma da yankakkun kwalaye. Zambo ne ga shugaban ƙasar na lokacin, Hipólito Yrigoyen, inda aka nuna shi ya hau sama ya samo tsawa domin ya tsarkake birnin daga ɓarna, sai birnin ya kama da wuta. Fim ɗin kansa gobara ce ta cinye shi a 1926, babu kwafi ko ɗaya da ya tsira. A shekarar 1917 ɗin nan dai Japan ma ta fara nata, ta hannun Shimokawa da Kōuchi da Kitayama. A Rasha kuwa tun 1912 Ladislas Starevich yake motsa matattun ƙwari da ya sa wa ƙafafun waya, har wasu masu kallo suka ɗauka horar da su ya yi.

Ustaz_Kabiru:
Tunda an ambaci baƙin kwalin Reiniger mai kama da inuwa, ya kamata a san cewa wasan inuwa tsohon abu ne a ƙasashen Musulmi. Ibn Daniyal, likitan ido ɗan asalin Mausil da ya zauna a Alƙahira ya rasu a 1310, ya bar wasanni uku da aka rubuta domin a yi su da 'yan tsanan fata a bayan ƙyalle da fitila. Turkawa suna da Karagöz, mutanen Java suna da nasu. Saboda haka ni ina ganin asalin katun daga Gabas yake.

Abba_Tarihi:
Ustaz, tarihin da ka kawo ingantacce ne, amma hukuncin da ka yanke ya zarce shi. A wasan inuwa hannun mutum ne yake motsa 'yar tsanar a daidai lokacin da ake kallo, motsin na gaske ne. A katun kuwa babu abin da ya motsa a gaban mai kallo, hotuna ne tsayayyu ake jerawa. Za a iya cewa Reiniger ta ɗauki kamannin wasan inuwa, kuma wannan gaskiya ne, amma dabarar da ta sa yankakkun kwalayenta suka rayu irin ta Cohl ce.

Ustaz_Kabiru:
Na karɓi gyaran ta fuskar dabara. Ta fuskar sha'awar ba da labari da haske da ƙyalle kuwa, ina nan a kan bakana.

Dan_Maradi:
Akwai mutumin da ya haɗa maganar Ustaz da ta Abba a rayuwarsa, kuma ɗan ƙasarmu Nijar ne, marigayi Moustapha Alassane. An haife shi a 1942, kuma tun yana matashi yake yi wa mutanen garinsu wasan inuwa da fitila kafin ya taɓa kyamara. Ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin mai yin katun Norman McLaren, ya yi La Mort de Gandji a 1965, sannan Bon Voyage Sim a 1966, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. Ya daɗe yana zaune a Tawa, ya rasu a 2015. Na san ba a zamanin fim marar sauti ya yi aiki ba, amma duk wanda ya kalli siraran layukan kwaɗinsa zai ga dangantakarsu da zanen Cohl. Malam Sagir, ina roƙonka ka ambace shi a aji, domin yara su san cewa an yi wannan aiki a kusa da su.

Sani_Kwamfuta:
Ina so in dawo da mu kan Disney, saboda tambayar a kansa take. Kafin Mickey, tauraron katun na duniya muzuru ne, Felix, wanda ya fara fitowa a 1919. Yakan cire jelarsa ya yi sanda da ita, ko ya ɗauki alamar tambayar da ta fito a kansa ya yi amfani da ita kamar ƙugiya, kuma idan yana tunani sai ya goya hannu a baya yana kai da kawowa. Ba ya buƙatar magana domin jikinsa ya faɗi komai. Sunan Pat Sullivan, mai sutudiyon, shi ne a jikin kowane fim, amma yawancin masana tarihin katun suna cewa Otto Messmer ne yake zanen yana tsara labaran, ko da yake akwai masu kare Sullivan, musamman a ƙasarsa Ostireliya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Haka ma Mickey. Disney ya rasa zomonsa Oswald a 1928, domin kamfanin Universal ne yake da mallakarsa, kuma Charles Mintz, mijin Winkler ɗin da Malama Hadiza ta ambata, ya janye masa yawancin ma'aikata. Abokinsa Ub Iwerks ne ya tsaya tare da shi, kuma shi ya zana Plane Crazy, fim ɗin Mickey na farko, kusan shi kaɗai. An gwada nuna shi ba sauti a watan Mayu na 1928, babu mai rarrabawa da ya saya. Ke nan shi kansa Mickey ɗan zamanin shiru ne.

Hajiya_Rakiya:
To ni yanzu sai nake ganin kamar an tsige Disney tas. Shin babu abin da ya yi ke nan?

Injiniya_Bashir:
A'a Hajiya, ya yi, kuma bai kamata mu tauye masa haƙƙi ba. Ko a sauti akwai waɗanda suka riga shi, domin 'yan'uwan Fleischer sun gwada tun tsakiyar shekarun 1920, Paul Terry kuma ya fitar da Dinner Time mai sauti 'yan makonni kafin Steamboat Willie. Bambancin shi ne Disney ya tsara motsin a kan bugun kiɗan tun daga takarda, ta yadda kowane fito da kowane taku yake faɗawa a gurbinsa, kuma masu kallo sun ji bambancin nan take. Sullivan ya yi jinkirin karɓar sauti, Felix ya dusashe cikin 'yan shekaru. Darasin Oswald kuma ya sa Disney ya riƙe mallakar duk abin da kamfaninsa ya yi daga baya, ya adana shi, ya riƙa sake fito da shi. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa muka tashi da sunansa shi kaɗai.

Malama_Hadiza_BUK:
Akwai gargaɗin da ya wajaba ga duk malamin da zai nuna wa yara waɗannan finafinai. Da yawa daga cikin katun ɗin Amurka na wancan zamani suna zana baƙar fata cikin wulaƙanci, da manyan leɓɓa da zazzare ido, salon da suka gada daga wasannin da Turawa suke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi. Jerin katun na farko da Bray ya yi ya fara ne a 1913 da tafiyar wani kanar maƙaryaci zuwa Afirka. Ko fim ɗin Reiniger da na yaba, mugun cikinsa boka ne da aka kira Ba'afirke. Ban ce a ɓoye su ba, amma malami ya fara kalla shi kaɗai, ya shirya abin da zai ce.

Abba_Tarihi:
Wannan gaskiya ne. Ina kuma so in ja hankali cewa duk gardamar da muke yi a kan abin da ya tsira muke yinta. Zaren fim na wancan lokaci da sinadarin naitiret ake yinsa, mai saurin kama wuta, mai ruɓewa da kansa idan ya daɗe. Wani bincike da ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa sauti sun ɓace gaba ɗaya. Yawancin aikin da Cohl ya yi a Amurka ya ƙone a gobarar sutudiyon Éclair a 1914, girgizar ƙasar Kanto ta 1923 ta tafi da yawancin katun ɗin Japan na farko, kuma ɗaya daga cikinsu, Namakura Gatana, sai bayan shekara kusan 90 aka tsince shi a Osaka wurin mai sayar da tsofaffin kaya. Reynaud kuwa da hannunsa ya zuba yawancin aikinsa a kogin Seine bayan sinima ta kashe masa kasuwa, ya rasu cikin talauci a 1918. Cohl ma cikin talauci ya rasu a watan Janairu na 1938, wata ɗaya bayan an fara nuna Snow White.

MalamSagir_Zazzau:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na shigo neman suna ɗaya, ga shi takardata ta cika. Abin da na shirya shi ne in fara da janye amsar da na bayar, sannan in nuna musu Fantasmagorie da Gertie a waya, tunda gajeru ne, in kuma ambaci Reiniger da Alassane. Abin da har yanzu ban yanke ba shi ne sunan da zan rubuta a allo idan ɗalibar ta sake cewa ita dai na farko take so.

Injiniya_Bashir:
Ka rubuta Cohl, 1908, ka ƙara da cewa shi ne fim na farko da aka yi shi kacokan da zanen hannu a takarda.

Dan_Maradi:
Ni kuma ina cewa Reynaud, 1892. Ɗalibar ba ta tambayi kyamara ba, katun ta tambaya, kuma mutanen da suka biya kuɗi suka zauna a Musée Grévin labari suka kalla na zane mai launi yana motsi a kan allo.

Zainabu_MaiZane:
Malam Sagir, kafin ka rubuta kowane suna, ka sa kowane ɗalibi ya yanka takarda 24 daidai da juna, ya haɗa su da maƙali a gefe ɗaya, ya zana ƙwallo tana faɗowa tana tashi. Ya fara daga takardar ƙarshe yana dawowa gaba, domin ya riƙa hango zanen da ya gabata ta cikin takardar da ke sama. A tuna musu su ɗan matse ƙwallon a takardar da ta taɓa ƙasa, su kuma kusanta zanen da juna idan ta kai ƙololuwa, tunda a nan take rage gudu. Idan suka ga takarda 24 ta ƙare cikin daƙiƙa biyu, sai ka faɗa musu adadin da McCay ya zana wa Gertie.